Inda Ake Gane Mutum

Ubana wanzami ne a Rafindadi.
Zabirarsa na nan rataye, ta bushe,
aska ta huta, gizo-gizo ya tare cikin ƙaho.
Shi ya tsaga kumatun rabin unguwa,
yana cewa, "Ko a Makka ka ɓata,
da wannan za a maido ka gida."

Ni ma jini nake taɓawa,
sai dai da safar hannu, a ɗaki mai sanyi
can bayan asibiti, inda janareta ke tari.
Akwai wani furotin mai yawo cikin jini,
doguwar igiya ce da ta naɗe kanta kamar gammo.
'Yan garkuwar jiki, masu gadin da ba su runtsawa,
da sun gan shi sai cafka.
Ba duk jikinsa suke bi da kallo ba.
Wuri ne ɗan mitsitsi,
yadda mai shanu kan duba kunne kawai
ya ce wannan tawa ce.
Aikina in gano wurin.

Sai muka yayyanka igiyar gunduwa-gunduwa,
kowace ta ɗan hau kan 'yar'uwarta
kamar jerin kwanon rufi,
kada alamar ta faɗa bakin wuƙa.
Faranti mai rami casa'in da shida.
Ɗigo, ɗigo, har wuya ya ƙage.
A wanke, a jira, a sake wankewa.
Ramin da mai gadi ya shaida, shi zai rine.

Wata uku muna abu ɗaya.
Sau biyu aka ɗauke wuta, firji ya yi gumi,
muka zubar, muka ɗaura sabuwar niyya.
Ran wata Laraba, bayan la'asar,
ramin farko, mai cikakken furotin,
ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga marina.
Sauran kuwa garau, ruwan randa.
Ko gunduwa ɗaya mai gadi bai ce ya sani ba.

Dakta Uwani ta zare tabarau, ta yi jim.
Ta ɗauki gyalenta ta ninka bisa tebur,
bakin can da bakin nan suka haɗu.
"Ka gani, Mannir? A ninke ya san shi.
Wuri biyu ne, masu nisa in an miƙe.
Mun warware masa abu, mun daddatsa,
sannan muna tambayarsa ina sanin da ya yi."

Na hau babur, na bi ta Ƙofar Marusa,
na tsaya wajen mai fura.
Baba na zaure, yana ta rufe idanunsa,
damina uku ke nan ko fitila ba ya gani.
Na yi sallama. Ya ce, "Wane ne?"
Murya ta daina isarsa.

Na durƙusa. Ya lalubo fuskata.
Babban yatsa ya sauka kan tsagar ranar suna,
ya daɗe a nan, bai tanka ba.
Yara nawa ya yi wa irinta?
Sai ɗan yatsansa ya zagaya bayan kunnena,
inda ƙusar katangar makaranta ta yage ni,
shi ya ɗinke da kansa yana faɗa.
Hannu ɗaya, wuri biyu.
"Mannir," ya ce, "ka makara. Ina furar?"

Ya sha, ya goge gemu, ya tambayi aiki.
Na ce yau ma ba mu samu ba.
Ya ce, "To, ai ba a aske kai a bayan mai shi."

Gobe zan koma, ba da wuƙa ba.
Zan bar igiyar a naɗe yadda aka halicce ta,
in riƙa sauya mata ƙulli ɗai-ɗai,
har in kai ga wanda in na taɓa
mai gadi zai ɗago kai
ya ce, "Wane ne?"